Malam, Rage Rediyon Nan

Sati uku ke nan da na fita takaba. Tun muna asibiti na yi wa kaina alkawari cewa in Allah ya ba ni ikon riƙe biro, sai na rubuta abin da ya samu maigidana. Lakwal ɗina iyakarta aji shida, sauran ilimina na ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ne, don haka wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri. Ba tausayi nake nema ba. So nake duk matar da mijinta ya fara ƙara sautin rediyo fiye da yadda ya saba, ta ajiye faɗa ta tambaye shi lafiya. Ni faɗa na yi ta yi.

Malam dillalin shanu ne a kasuwar dabbobi ta nan Dakoro. Mutum ne marar yawan magana, mai taurin kai kamar turmi, Allah ya jiƙan shi. Abu biyu ya ɗauka da zafi a duniya, shayi da salularshi. Wani abokin dillancinshi ne ya sa mashi wata tashar rediyo ta intanet, ta 'yan ƙasarmu da ke zaune waje, kuma tun ranar tsohuwar rediyonshi mai batir ta shiga akwati. Tashar nan tana sa tsofaffin waƙoƙin gurmi da garaya waɗanda ya ce rabonshi da su tun yana kiwo a Tagriss, tana sa sarewar Fulani, tana sa gitar Buzaye. A tsakar gidanmu akwai iccen bedi, wato dogon yaro, can ne kaɗai rezon waya ke kamawa da kyau. Sai ya kafa ƙusa a jikin bedin, ya riƙa rataye salular cikin wata 'yar jakar fata. In mega, wato kuɗin intanet, ta ƙare, ya gwammace ya kwana ba goro da ya kwana ba ita.

Amma abin da ya ɗaure shi da tashar nan ya fi kiɗa, kuma ni da shi ba mu taɓa buɗe baki mun faɗe shi ba.

Ɗanmu na fari sunan mahaifin Malam aka sa mashi. Kunya biyu ke nan a kaina, ta ɗan fari da ta suruki. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa furta sunan ba, ko a ɗaki ni kaɗai. "Yaron nan" nake cewa, Malam ma haka. To, yaron nan ya ƙi dillanci, ya ce Tamanrasset za shi aikin gini. Malam ya ce bai yarda ba. Ya sa ƙafa ya tafi, ana tsakiyar shuka. Zuciya ta ɗebi Malam, ya faɗa a gaban dillalai a kasuwa cewa in yaron ya kira shi ba zai ɗauka ba. Maganar da aka yi a gaban maza kuwa, Malam ba ya lashe ta. Shekara uku waya na kuka yana kallon ta har ta yi shiru. Ni ce nake magana da yaron a ɓoye da 'yar wayata, ina suyar ƙuli.

Tashar tana da shirin gaishe-gaishe ranar Juma'a bayan la'asar. Mutum ya aika saƙo, mai shirin ya karanta, ya sa waƙar da aka roƙa. Yaron nan ya san ubanshi ba ya kuskuren shirin. Duk bayan sati biyu ko uku sai mu ji an ce daga Tamanrasset, wane yana gaida mahaifinshi dillali a Dakoro, ya ce a sa mashi gurmi. Malam sai ya ci gaba da zuba shayi kamar ba da shi ake ba. In waƙar ta yi nisa ya ce, "Kai, mai gurmin ga ya iya." Ni kuma in ce, "Ya iya ƙwarai." Iyakar hirarmu a kan ɗanmu ke nan, shekara uku.

Ciwon da ƙaramin abu ya fara. Ana gab da damina wani bijimi ya shure shi a ƙwauri wajen ɗora shi a mota. Fatar ta dare kamar tsawon yatsa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da harkarshi. Bayan kwana huɗu wurin ya kumbura, ya fara ruwa, ga zazzaɓi. Na ce mu tafi likita. Ya ce shi ba zai je ya yini a layi da mata masu goyo don a ba shi ƙwaya ba. A wurin Malam ƙwaya ta mata da yara ce, namiji allura ake mashi.

A bakin kasuwa akwai wani mutum mai kwalin magani a bayan keke. An ce ya taɓa shara a wani gidan likita, shi ke nan ya zama dokta. Ba zan faɗi sunanshi ba, ya san kanshi, kuma akwai ranar da za a tsaya. Shi ya fara yi wa Malam allura, safe da yamma. In faɗi gaskiya, cikin satin farko ciwon ya fara bushewa, zazzaɓin ya sauka. Na ji daɗi. Har ƙuli na ƙulla na aika wa mai allurar, da hannuna.

A sati na biyu ne rediyo ta fara damuna. Da can in ina madafa sai na kasa kunne kafin in gane waƙar da ake yi. Yanzu har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko biki muke.

"Malam, rage rediyon nan!"

"Ni ban ƙara ba. Su ne suka rage daga can."

"Don Allah ji wata magana! Kaina zai tsage."

Ya kai salular wajen mai gyara, ya ce lasifikarta ta mutu. Mai gyara ya ce lafiyarta lau. Bai yarda ba, ya sayo wata 'yar akwatin ƙara sauti ya rataye kusa da ita. Na yi faɗa har na gode Allah. Na ce tsufa ne ya zo mashi da ƙuruciya, na ce ya mai da mani gida tashar mota. Wata rana da azahar yana zaune ya ce mani, "Ke, ba ki jin kukan gyare?" Na ce, "Gyare da rana tsaka, Malam?" Na yi dariya. Wallahi na yi dariya, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Shi kuma bai taɓa cewa kunnenshi na tafiya ba. Na yi imani ya sani. Amma in ya ce ba ya ji, sai an tambaye shi mi yake son ji haka da har ya damu.

Sati na uku jiri ya shigo. Yana tafiya yana dafa bango. Wata safiya ya sunkuya zai yi alwala ya kife a gindin randa. Sai na aika ƙauyen Mai Yara aka gaya wa Yaya Hajo, yayarshi, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Ta iso da la'asar, ta ishe shi kwance ƙarƙashin bedi, akwatin nan na ta zabga kiɗan goge. Ko mayafi ba ta cire ba ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Rabi, da hankalinki? Kun rataye goge a icce kuna kiran su da ranar Allah, sannan ku ce mi ya same shi? Wa bai san abin da goge ke kira ba?"

Na ce, "Yaya, rediyo ce, daga ƙasar waje take."

"To iska fasfo take nema?"

Ta sauke salular da akwatin, ta naɗe su cikin zane ta tura ƙasan kayanta. Aka shiga hayaƙi da rubutu. Rubutu ban ƙi shi ba, sunan Allah ne. Abin da ke ci mani rai shi ne duk cikinmu ba wanda ya kalli allurar. Da Malam ya kasa fita, mai keken ya riƙa biyo shi har gida. Ya ce jirin alama ce ciwon ya shiga jini, sai an ƙara ƙarfin maganin. Muka shimfiɗa mashi tabarma, muka ba shi ruwa.

Juma'ar wannan satin ba zan manta da ita ba. Bayan la'asar Malam ya jawo jiki ya jingina da bedi, ya ɗaga kai yana kallon ƙusar. Ya ce, "Ina salulata?" Yaya ta matso kusa da kunnenshi ta ɗaga murya ta ce ba zai gan ta ba sai ya warke. Ya ce, "Yau ɗai, Yaya." Ta ce ko yau, ko gobe. Ya juyo ya dube ni. Na san abin da yake roƙo, ya san na sani. Kalma ɗaya ce zan faɗa wa Yaya ta gane. Amma yaya zan tsaya gaban yayar mijina in kawo zancen ɗan fari? Kuma, Allah ya yafe mani, rabin zuciyata ta yarda da zancen gogen. Na sunkuyar da kai na ci gaba da ɓarar gyaɗa. A ranar in an yi mashi ihu a kunnen dama yana ɗan ji. Daga baya yaron ya gaya mani ya aika gaisuwa a ranar, an kuma karanta.

Sati na huɗu komai ya rikice. Fitsari ya ɗauke, sai ɗan ɗigo ja. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fuska ta haye. Abin da ya ci duk sai ya dawo, ga shaƙuwa ba tsayawa. In an yi mashi magana sai ya bi bakin mutum da kallo. A nan ne na ajiye kunya na ce wa Yaya ko ta yarda ko ba ta yarda ba likita za mu. Ba ta yi musu ba, ita ma ta tsorata.

Majon da ya karɓe mu, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya tambayi abin da aka ba shi. Ni kuwa ina da halin tara 'yan kwalabe, don zuba kwalli da turare. Duk kwalbar da mai keken ya jefar na tsince na adana. Na kwance leda na juye mashi su a tebur. Ya fara ture su ɗaya-ɗaya da biro, bai kai ƙarshe ba ya cire tabarau ya dube ni.

"Hajiya, duk wannan jikin mutum ɗaya suka shiga?"

Na ce e.

"Allurar ga ko mu nan kwana kaɗan muke yin ta, muna yi muna duba fitsari. In ta yi yawa kunne take ci, ta ci ƙoda."

Na ce, "Kunne?" Ya ce kunne. Sai na ji muryata a cikin kaina tana cewa Malam rage rediyon nan. Na zauna a ƙasa. Majon nan, Allah ya saka mashi, bai zage ni ba. Ya sa ma Malam ƙarin ruwa, ya rubuta takarda, ya ce mu wuce Maradi a ranar.

Wanda bai yi jinya a babban asibiti ba bai san tsawon yini ba. Layin kati daban, na awon jini daban, na karɓar sakamako daban. Ka kai gaba a ce ba nan ba ne, can ne. Ordonas kuwa, takardar sayen magani, kafin ka dawo daga farmasi da ɗaya an rubuta wata. Ragunana biyu suka tafi, sannan bijimin da Malam ke kiwatawa. Abokan dillancinshi ne suka sayar ba su ɗauki la'ada ba, har biyu daga cikinsu suka zo suka ba da jini. Akwai wata baiwar Allah 'yar garin Ɗan Gulbi da ke jinyar mijinta a gadon kusa da namu. Ita ta nuna mani inda ake ɗibar ruwa da inda ake shanya, ita ke raba kununta biyu ta ba ni rabi. Ko sunan mijinta ban riƙe ba, amma ina sa ta a addu'a kullum.

Likitar da ke duba shi yarinya ce, ba ta wuce sa'ar ɗana ba. Ta kira ni gefe ta ce, "Mama, ƙodar muna roƙon Allah ta farfaɗo. In ba ta farfaɗo ba sai diyaliz, wankin jini da inji, kuma jikinshi ya yi rauni ƙwarai. Kunnen kuwa, kada in yaudare ki, ba ya dawowa." Na ce ko ɗaya? Ta ce ko ɗaya. Ta ce da ranar da ya fara jin kukan nan a kunne aka tsai da allurar, da wata magana ake. Na so a ce ba ta faɗi wannan ba, kuma na gode da ta faɗa.

Yaya Hajo na tsaye bayana, ta ji komai. Ta je ta kwance ƙullin kayanta, ta fiddo salular, ta kai wajen masu sharjin waya a bakin ƙofa, ta sa aka zuba mega da kuɗinta. Ta dawo ta ajiye ta gefen matashin ƙanenta, ta fita waje ta yi kuka mai sauti. Na yi fushi da matar nan, har yau da sauranshi. Amma ita ce ke wanke mashi zannuwan da ni kaina sai na kau da kai.

Na kira yaron na gaya mashi gaskiya. Ya ce zai taso, amma takardunshi na hannun mai gidan aikinsu, hanyar kuma ba ta kwana ɗaya ba ce. Ya ce, "Inna, kara mashi wayar a kunne, ko zagina ne ya yi." Na ce ya rantse ba ya ɗauka, kuma ko ya ɗauka ba abin da zai ji. Can ya ce, "Ran Juma'a da muryata zan aika. In ya tahi bai yahe mani ba, Inna, ina zan sa kaina?"

Ni ma abin da ke hana ni cin abinci ke nan.

Ranar Juma'a Malam ya tashi da ɗan sauƙi. Da ya ga maza na fita da tabarmin salla, ya ce, "Yau Juma'a ko?" Wanda ya kurumce ba ya jin muryar kanshi, don haka duk maganar da zai yi sai ɗakin gaba ɗaya ya ji. Na gyaɗa kai. Bayan la'asar ya miƙo hannu na ba shi salular. Shi ya lalubo tashar da kanshi, ya danna sautin har ƙarshe, ya kara a kunnen dama, ya mai da na hagu. Sannan ya sauke ta ya ɗora a ƙirji, ya dafe da tafin hannu. Gadaje takwas ne a ɗakin, da masu jinyarsu, ba wanda ya ce a rage.

In kiɗa ake yi yana jin motsinshi a ƙirji. In motsin ya lafa ya san magana ake. Sai ya kafe ni da ido ya ce, "Wa ke gaisuwa?" In girgiza kai. Wani daga Agadas, wata daga Kano, wasu daga Libiya. Duk gaisuwa sai ya tambaya, duk tambaya sai in girgiza kai. Na ga idonshi ya fara lumshewa don gajiya.

Sai mai shirin ya ce akwai saƙon murya daga Tamanrasset. Muryar ɗana ta cika ɗakin. Ya gaida ubanshi, ya ce ya yi laifi, ya tafi ba da izini ba, yana roƙon gafara don girman Allah.

"Wa ke gaisuwa?"

Na gyaɗa kai da ƙarfi. Na ce, "Yaron nan ne."

"Wa?"

"Yaron nan!"

Ya zuba wa bakina ido, bai ga komai ba. Na nuna arewa da hannu. Ya ce, "Na Agadas?" don yana da ɗan ƙane a can mai gaishe shi wani lokaci. Na girgiza kai. Na ga ranshi ya fara ɓaci, ya fara juyar da fuska wajen bango, saƙon kuma ya kusa ƙarewa. Yaya Hajo na zaune a bakin gado, ɗiyar mai sunan, ga maza baƙi cike da ɗaki.

Na kama haɓarshi na juyo da fuskarshi. Na matso har ina jin numfashinshi. Na buɗe baki sosai, a hankali, na ce, "Bubakar."

Shekara ashirin da bakwai bai taɓa ganin sunan nan a bakina ba. Ya gane shi tun kafin in rufe baki. Na sake faɗa, na haɗa tafuna biyu kamar mai roƙo, na nuna salular, na nuna shi. Daidai nan aka saki gurmi, ya ji shi a ƙirji. Hawaye suka gangaro mashi ta gefen ido suka shiga kunnen.

Ya ce, "Kira shi."

Na kira da 'yar wayata. Bugu ɗaya yaron ya ɗauka. Malam ya karɓa ya riƙe ta a gaban baki, bai ko kai ta kunne ba. Ya ce, "Bubakar! Ni ne. Duk gaisuwarka na ji ta, guda ɗai ta wuce ni. Na yahe maka duniya da lahira. Ka riƙe uwarka." Ina jin yaron a cikin wayar yana kuka yana Baba, Baba, shi kuwa yana ta magana a kan kukan, don bai san ana yi ba. Da ya gama ya miƙo mani ya ce, "Ya amsa?"

Na gyaɗa kai. Ya mai da hannu kan salular a ƙirjinshi ya rufe ido. Can ya ce, da ƙarfi yadda kowa ya ji, "Mai gurmin ga ya iya."

Na ce, "Ya iya ƙwarai." Bai ga bakina ba.

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi abinshi. Yaron ya iso bayan addu'ar bakwai.

Mai keken na nan, an ce ya koma wata kasuwa. In kun gan shi, ko irinshi, ku tuna da ledar kwalabena. In naku ya ce yana jin gyare da rana, kada ku yi dariya, ku tambayi abin da ake tsira mashi.

Salular Malam tana wurina. Sautinta na nan a ƙarshe inda ya bar shi, na kasa sa yatsa in taɓa. Duk Juma'a bayan la'asar nakan rataye ta a ƙusar bedi in zauna ina ɓarar gyaɗa. Har bakin titi ana jin ta. Maƙwabciyata ba ta sake leƙowa ta ce a rage ba.